Ramin Tsaro, In Ji Hajiya Rabi

Ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki da safen nan aka kira ni, wai Hajiya Rabi ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu ban fita ba.

Ita ce shugabarmu a sashen fassarar labarai lokacin da na fara aiki a gidan rediyo. Ita ta riƙa rage mini hanya a motarta sanda nake da tsohon ciki, alhali ba unguwarmu ɗaya ba.

Akwai ranar da ba ta fita a raina. Labari ya shigo da Turanci cewa an kai wa sojoji hari a arewa maso gabas, wasu sun rasu a cikin trench. Muka tsaya a kan kalmar. Ƙamus ya ce dogon rami ne marar faɗi. Wani ya ce lambatu, wani ya ce gwalalo irin na bayan ganuwa.

Hajiya ta ce Bature da kalma ɗaya yake kiran su duka, ramin aza harsashin gini, da na binne bututun ruwa, da na yaƙi. Ta ce amma mu Hausawa sai mun duba wa ke cikin ramin, kuma me ya kai shi.

Sai wani ya ce to a sa ramin ɓuya.

Ta cire tabarau ta dube shi. "Ba ɓuya suka yi ba, tsayawa suka yi. Kuma iyayensu mata na sauraro."

Ta sa aka rubuta ramin tsaro. Da kanta ta shiga ɗakin watsa labarai ta karanta labarin, muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Bayan ta fito ne direbanta ya shaida mana cewa ɗanta Kabiru soja ne, a can yake, a rundunar da aka kai wa harin, kuma tun safe wayarsa ba ta shiga. Daga baya aka tabbatar yana cikin waɗanda suka rasu.

Wallahi har yau ban san inda ta samo wannan ƙarfin zuciyar ba.

Ganina da ita na ƙarshe a gidanta ne na Nassarawa GRA, bayan ƙaramar Sallah. Ta rame, idon ma ya yi rauni, amma rediyo na gefenta tana gyara wa masu labarai Hausa ita kaɗai. Da na tashi tafiya ta riƙe hannuna ta ce, "Asabe, in mangwaron nan ya nuna ki kawo mini yaran."

Ban samu na kai su ba.

Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya yalwata kabarinta, Ya sada ta da Kabiru a Aljanna. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa su a addu'a, ita da ɗanta.