Bakin Don Tello

Don Tello Mejía bai taɓa cutar ko kaza ba a unguwarmu, amma babu wanda ya sha zagi kamarsa. Ni ce mai suyar ayaba da kifi a gefen kantin Nicanor, dab da teburin da ake buga wasan domino, saboda haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Da ƙuruciya yankan rake ya yi. Da injin sukari ya rufe sai ya koma tura baro yana sayar da ruwan kwakwa. Shi da matarsa Doña Fredé sun aurar da 'ya'yansu mata duka, sannan ta riga shi rasuwa. Tun daga nan ba shi da wurin zuwa da yamma sai wurin su Nicanor da Chepe, kan kujerarsa ta domino, wadda ya zauna a kanta har ta ɗauki siffar mazaunansa.

Besbol kuwa, wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da kulki, sau ɗaya ya buga a rayuwarsa. Ƙwallo ta cire masa haƙorin gaba, ya ce ya gane don kallo Allah ya halicce shi. Amma son Kadoji, ƙungiyar garinmu, a jininsa yake. Har baronsa launin rigarsu ya shafa masa.

Duk Oktoba, kafin a fara kakar wasa, sai ya hau akwatin lemo a ƙofar kanti ya yi mana hasashe. Kuma hasashe mai hujja. Sabon mai jifa hannunsa ya nuna, don ya ga yadda yake ɓare lemo. Babban mai bugu ya yi aure, hankalinsa ya kwanta. Kociya ya daina rina gashi, alamar ya fara faɗa wa kansa gaskiya. Daga nan sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Bana kofi namu ne." Kafin Kirsimeti kuma an yi waje da mu.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Ya yabi kafaɗar mai jifa, washegari ta goce. Ya ce ba za a yi ruwa ranar wasa ba, sai da aka kwashe filin da bokiti. Sannu a hankali aka fara raɗe-raɗin cewa Don Tello fukú ne, wato duk abin da bakinsa ya yaba ya shiga uku.

Bara Nicanor ya tare shi tun kafin ya ɗora ƙafa kan akwati. A wurinmu kompadre muke ce wa amini, mace kuwa komadre.

"Kompadre, mun yi shawara. Bana Jemagu za ka ce za su ci. Ka zuba musu bakin nan naka su ma su ɗanɗana. In ka ƙi, kujerarka ta zama ta surukin Chepe."

Jemagu ƙungiyar garin da ke maƙwabtaka da mu ce. Ko 'yarmu ba ma son ba su.

"Jemagu? Ni, da bakina?" in ji Don Tello. "Kompadre, ni fa na riƙe 'yarka ranar baftisma."

"Shi ya sa nake roƙonka. A ranar ka ce za ta yi tsawo. Je ka duba ta."

Na ɗaga ludayi na ce musu, "Ku ji kunya, gardawan banza. Tsoho ne yake riƙe muku kulki a fili?" Chepe ya ce, "Komadre, juya ayabarki tana ƙonewa." Haushin shi ne da gaske tana ƙonewar.

Don Tello ya gwada dabaru. Ya hau akwati ya ce, "Jemagu za su ci..." ya yi tari, ya ƙarasa can ƙasa-ƙasa, "...na jaki." Nicanor ya ce ya ji. Don Tello ya kawo shawarar ya raɗa maganar a cikin kwakwa ya toshe, aka ce a'a, a fili ya saba yi. Sai ya yi fushi ya ɗauke ƙafa. Kullum da yamma yakan turo baro ya wuce a hankali, yana satar kallon wanda ya gaje kujerarsa, surukin Chepe, mutumin da sai ya ƙirga ɗigon domino da yatsa kafin ya ajiye. Wallahi ya ba ni tausayi. Har ya rame.

Ana gobe za a fara wasa ya zo. Ya cire hula, ya hau akwati, ya kalli ƙasa.

"Bana kofi na Jemagu ne."

Unguwa ta kaure da ihu. Aka ɗaga shi sama, aka tashi surukin Chepe ko wasan da yake bugawa bai ƙarasa ba. Shi kuwa Don Tello ya fasa kwakwa ya kuskure bakinsa ya zubar.

To, Jemagu suka ci kofi. Ba su taɓa yin wasa mai kyau irin na bara ba. Mu kuwa na ƙarshe muka zo, har mai tsaron fili ya fara barin mutane su shiga kyauta don a samu masu tafi.

Washegari da yamma aka hallara a teburin domino. Can Chepe ya ce, "Ashe ba bakinsa ba ne."

"To, mene ne?" in ji Nicanor.

Kowa ya san amsar, kuma ba ta da daɗin faɗa.

Sai ga Don Tello da baronsa. Nicanor ya miƙe da sauri ya kakkaɓe masa kujera. "Zauna, kompadre. Ka ga wannan karon ka faɗi daidai, ka wanke kanka."

Don Tello ya dubi kujerar, bai saki baron ba.

"Kuna tsammani ban san Kadoji ba su iya ba? Ni da nake kallonsu tun kuna rarrafe? Ina faɗa ne don yaran su san akwai mutum ɗaya da yake jiran su. Bana ko ɗayan ma kun hana su."

Ya tura baronsa ya wuce. Yanzu a ƙofar filin wasa yake tsayawa da yamma, yana fasa wa 'yan wasa kwakwa yana ba su haƙuri. Su kuwa ba su san ko wane ne ba, ba su san laifin da ya yi musu ba. Suna shanyewa su ce, "Ba komai, Don," yadda ake ce wa kowane dattijo.

Nicanor ya aika masa har ya gaji. Kujerar tana nan, surukin Chepe ma ya ƙi zama a kanta. Su uku suke buga domino yanzu, kuma ba ya daɗi da mutum uku.