Takardun da Muka Cire Daga Faifan Gem

Ban taɓa mantawa da ranar da Malam Sani direba ya dawo mini da faifan gem ba. Lokacin farkon Shari'a ne a Zamfara, ina tsaron shagon kaset na maigidana a Kaura Namoda.

Faifan gem, wato wasan da ake bugawa a talabijin, daga Kano ake kawo mana su, kowanne cikin leda da takardarsa mai hoto. Wasu hotunan na mata ne babu sutura ta kirki. Maigida ya ce kada a ce muna baje abin kunya, in cire takardun duka. Na cire, na ɗura a buhu, na riƙa rubuta suna a jikin leda da biro. Har yabon kaina nake yi, wai na tsabtace shago. Ban san cewa a kusurwar kowace takarda akwai lambar da ke nuna shekarun wanda ya dace ya buga ba.

Malam Sani yana jan mota tsakanin Kaura da Shinkafi. 'Yarsa Nana, mai shekara bakwai, tana da sikila, yawancin kwanakinta a kwance take. Don ta rage kaɗaici ya saya mata na'urar gem ta gwanjo. Da ya ce in ba shi mai daɗi, na miƙa masa wanda samari suka fi saye. Ko shekarun mai bugawa ban tambaya ba.

Bayan mako ɗaya ya shigo da hantsi, ya ajiye faifan a hankali.

"Lawali, ba faɗa niz zo yi ba. Sa min wanga abu in gani."

Na saka. Minti biyu ba a yi ba aka sare kan mutum, jini ya wanke talabijin. Ya runtse ido.

"Ɗiyata ita kaɗai tag ga wanga," in ji shi. "Yanzu in na kawo tsaraba, ko ƙosai na, sai ta ɓoye hannu bayanta. Ta ce ba ta son abin Baba."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na jawo buhun nan, na zazzage, muka yi ta tono har muka samo takardar. Wani malamin kwalejin kimiyya da ya zo sayen batir ya nuna mana 18 a kusurwa, ya yi bayani. Malam Sani ya daɗe yana kallon lambar.

"Ashe an rubuto min gargaɗi, ku kunka cire."

Ban iya ɗaga kai ba. Na ce ya taimaka ya kawo Nana in ta samu sauƙi.

Kwana uku na yi da almakashi ina yanko kusurwoyi, ina liƙa kowace a ledarta. Maigida ya ce na zama tela, amma bai hana ni ba.

Ranar Talata suka zo, tana lafe a bayan rigarsa. Na durƙusa daidai tsayinta.

"Nana, wancan faifai ni na zaɓa, ba Babanki ba. Bai san abin da ke ciki ba. Ki yafe mini."

Na nuna mata wani na tseren dabbobi mai lamba 3, na kunna ta gani da idonta. Sannan na ba mahaifinta, shi ya miƙa mata. Ta dube shi, ta dubi faifan, ta fito da hannu ɗaya ta karɓa. Malam Sani ya juya yana gyara hularsa da ba ta karkace ba.

Abin da nake faɗa wa masu shigowa wannan sana'a ke nan. Uban da ya ce "ba ni mai daɗi" bai san gem ba, amanar ɗansa ya danƙa maka. Kafin ka miƙa hannu kan kantar shago, tambaye shi: shekarar yaron nawa?