Ƙwayar Sukarin Da Ta Ci Ƙafar Hajiya Yagana

Kafin a fara kirana Dokta, wankin hula nake yi a Ƙofar Na'isa. Ina da 'yar rumfata, ina da masu kawo mini aiki, ban taɓa kwana da yunwa ba. Amma na raina sana'ar. Kullum hannuna cikin ruwan sabulu da sitaci, ina kallon sa'o'ina suna wucewa a mota, zuciyata tana tafasa. Ba zan faɗi sunana ba, don iyalina sun sha kunyar da ta ishe su. Ku dai matasa ku ji abin da na aikata.

Cikin masu kawo mini hula akwai wani mutum mai ƙamshin turare da ake ce wa Dokta Sambo. Wata rana ya ce in rufe rumfa in zo in riƙe masa shagon magani. Da na je, ban ga allura ko sirinji ba, sai ƙananan kwalabe jere, cike da fararen ƙwayoyi kamar tsabar gero. Ya ce sunan wannan magani homiyofati, daga ƙasar waje ake kawo shi, kuma ba cutar da ba ya taɓawa. Ya koya mini in zaunar da mara lafiya, in saurare shi da kyau, in tambaye shi har irin mafarkin da yake yi. Mutane suna son a saurare su. Wasu tun kafin su sha komai za ka ga fuskarsu ta saki.

Ban daɗe ba na ware, na kama shagona a Kabara. Na sayi farar riga irin ta likitoci, na rataya abin awon ƙirjin da ban san yadda ake amfani da shi ba.

Ina da ƙanwa, 'yar kawuna, Hajara, wadda ta karanci haɗa magunguna a jami'a. Ta zo shagon, ta ɗauki kwalba ɗaya tana juyawa, ta ce, "Yaya, ka san yadda ake yin wannan kuwa?"

Na ce ta faɗa mini, tunda ita ce 'yar boko.

Ta ce ɗigo ɗaya na wani abu ake sakawa a ruwa a girgiza, a ɗebi ɗigo daga nan a zuba a wani ruwan, a yi ta maimaitawa har ya zama da wuya a sami ko ɓurɓushin abin farko, sannan a ɗiga a kan ƙwayar sukari. Ta ce masu bincike sun sha gwada shi: a raba marasa lafiya gida biyu, a ba waɗannan maganin, a ba waɗancan sukari zalla, ba wanda ya san abin da ya sha. Idan an yi gwajin da kyau, ba a ganin wani bambancin da za a dogara da shi. "Mura da ciwon kai da kansu suke tafiya, Yaya. Abin tsoron shi ne mai babbar cuta ya ajiye maganinsa na asibiti saboda kai."

Da mutumin kirki ne ya ji haka, da ya rufe shago. Ni abin da ya zo mini daban ne. Na ce a raina, ashe sukari ne kawai, to me zai sa in riƙa saye da tsada? Na fara cika kwalabe da ƙwayar sukarin da na samo a kasuwa, ina manna takarda mai rubutun Turanci. Ba wanda ya gane an canza. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mini Hajara ta yi gaskiya, amma sai na ɗauke shi hujjar cewa ni mai wayo ne.

Da wasu suka fara ƙorafin ba sa jin sauƙi, sai na ƙara lalacewa. Na riƙa daka ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe ina barbaɗawa a ciki. Mutum ya sha, ciwon gaɓoɓi ya lafa, ya yi ta cin abinci, kumatu su ciko, ya je yana yabona a majalisa.

Hajiya Yagana aminiyar mahaifiyata ce, 'yar asalin Barno, tana haɗa turaren wuta a Shahuci. A gidanta na ci tuwo ba adadi ina yaro. Ciwon suga ya daɗe tare da ita, kullum da allura. Ta zo shagona ta zauna, ta ce, "Ɗana, na gaji da huda jikina. An ce Allah ya ba ka ilimi. In bar allurar?"

Na dubi tsohuwar nan, na san abin da ke cikin kwalbata, na buɗe bakina na ce, "Ki bar ta, Hajiya. Wannan ya wadatar."

Mai ciwon suga na ba sukari, haɗe da ƙwayar da ke ƙara hawan sugan. Ta yi mini addu'a har da ɗaga hannu, ni kuma na amsa da amin.

Bayan wani lokaci ɗan ƙaramin miki ya fito mata a yatsan ƙafa. Ta aiko ɗanta Malam Bukar ya faɗa mini. Na ce alamar cutar tana fita ce, a ci gaba da sha. Ranar da na je duba ta, tun daga soro wari ya tare ni, a gidan da duk unguwa ta san shi da ƙamshi. Ƙafar ta yi baƙi, ƙudaje suna bin zanen da aka lulluɓa. Ta ce, "Sannu da zuwa, Dokta." Na fita da sauri na tsuguna a bakin kwata. Ƙyamar kaina nake yi, ba ƙafarta ba.

A asibiti aka yanke ƙafar daga gwiwa. Malam Bukar ya kai kwalbar aka auna, aka ga abin da ke ciki. Jami'ai suka zo suka kwashe ni da kwalabena, jama'a suna kallo. Dokta Sambo kuwa tuni ya ɓace. A kotu alƙali ya tambaye ni inda na yi karatun likita, na ce ban taɓa yi ba, aka tura ni gidan yari.

Can na zauna da ɓarayi da 'yan daba. Wani da ya fasa shaguna ya ji laifina, ya janye tabarmarsa daga kusa da tawa, ya ce shi bai taɓa cutar mara lafiya ba. Mahaifiyata ba ta zo ganina ko sau ɗaya ba.

Da na fito, Shahuci na fara zuwa. Na sami Hajiya a tsakar gida tana jan jiki zuwa wurin buta. Na durƙusa na roƙi gafara. Ta ce, "Na yafe maka saboda Allah. Amma kada ka sake shigo mini gida, ba na son ganin fuskarka." Na tashi na fita, na kuma san ta yi mini adalci.

Yanzu leburanci nake yi a wajen gini, ina neman gafarar Ubangiji. Ku matasa, kada ku sa rigar ilimin da ba ku da shi. Duk wanda ya ce muku maganinsa yana warkar da komai, ku tambaye shi wa ya gwada, yaya aka gwada. In kuma ya ce iyayenku su ajiye maganin asibiti, ku kama hannunsu ku fitar da su daga shagon nan take, ko da mai shagon ɗan unguwarku ne, ko da a gidanku ya girma.