Ƙanzon Inna

Jiya 'yata ta shigo da wata leda daga kanti, ta zazzage a tukunya, kafin in idar da Azahar wai shinkafa ta dahu, har da kayan ƙamshinta a ciki. Na leƙa gindin tukunyar, fes, ko ƙanzo babu. Sai abincin ya fita raina.

Ku da kuka buɗe ido kuka ga shinkafa kullum ba za ku gane ba. Ƙauyenmu, can bayan Sule Tankarkar, yashi ne, gero da wake kawai yake karɓa. Shinkafa sai Sallah. Baba ya je kasuwar Maigatari ya auno tiya guda, Inna ta zauna tsintar tsakuwa a faifai, mun zagaye ta kamar kaji. In ta dahu, sai an fitar da kwanon Kaka, da na liman, da na maƙwabtan da suka aiko mana, sannan a zo kanmu. Ita kuwa ta yayyafa ruwa a tukunya, ta kankare ƙanzon, ta ci a bakin murhu.

"Inna, ke ba ki ci?"

"Ni ƙanzo na fi so."

Muka yarda, don yaro da cikinsa yake tunani.

Da na sami aiki a Gumel na ɗauko ta, na sa aka sauke mata buhu guda a ɗaki. Ba a ci rabinsa ba ta fara ramewa, ga ƙishirwa ba dare ba rana. Likita ya ce ciwon suga ne, ya yi nisa, a janye mata shinkafa. Ta ce to, amma kada a taɓa sauran buhun, sai ta warke.

Yayana ya aiko da wani abu a kwali daga Kano, farin kabeji ne aka gurza ƙanana, wai shinkafar masu suga. Na dafa, na zuba miya. Ta kai loma ɗaya, ta daɗe tana taunawa.

"Allah ya yi masa albarka. Amma wannan ganye ne, 'yar nan."

Na ce bari in tsokane ta ko ta yi dariya. "Ai ke dama ƙanzo kika fi so, Inna."

"Wa ke son ƙanzo? Tiya ɗaya ce, ku kuma kuna da yawa."

Na fita tsakar gida na yi kuka har na gode Allah.

Yau 'yan mata da kuɗinsu suke sayen kabejin nan, suna gudun shinkafa don kada su yi teɓa. Ba na ce musu komai, zamaninsu ne. Inna dai ba ta warke ba, da damina Allah ya karɓi abarsa. Sauran buhun nata shi muka dafa wa masu zuwa gaisuwa, kowa ya ci ya ƙoshi.