Mandoca, Jarumin Mutum Biyu

Duk wanda zai sayi waya a layinmu na unguwar Santa Lucía sai ya ji ra'ayin yayana Nerio, ko yana so ko ba ya so, domin Nerio ba ya jira a tambaye shi. Yana zaune a kujerarsa ta roba ƙarƙashin mangwaro, riga a kafaɗa saboda zafin Maracaibo, zai hango waya a hannun mutum daga nesa ya yanke mata hukunci. Wayar da bayanta gilashi ne, in ji shi, an yi ta ne don wanda ba shi da yara a gida. Wadda ba a iya cire mata batir kuwa mayaudariya ce, ranar da ta gaji da kai shi ke nan. Abin da ya fi tsana su ne na'urorin gem masu tsada da ake jonawa a talabijin, yana cewa ci kawai suka iya, ba sa ciyar da kowa. Ni Neida, ƙanwarsa, da nake suyar mandoca, wainar masara da ayaba, ta sayarwa a gefensa kowace safiya, na haddace maganganun nan har sun ishe ni. Abin haushin shi ne yawanci yana da gaskiya.

Nerio bai taso da waɗannan abubuwa ba. Direban motar haya ne, irin dogayen tsofaffin motocin nan masu kwasar fasinja daga tsakiyar gari zuwa Bella Vista. Motar ta su biyu ce, shi da Eudo Villalobos. Ɗaya ya yi safe, ɗaya ya yi yamma, mukulli ɗaya ne, wanda ya tashi ya miƙa wa ɗan'uwansa. Eudo ne ya riƙe 'yar Nerio, Yusmary, ranar baftismarta, kuma tun daga ranar suka daina kiran juna da suna, sai kompadre. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, mutum ne ka zaɓa da kanka ka ɗora masa amanar 'yarka a gaban Allah. Ni dai tun farko jinina bai haɗu da na Eudo ba. Yana da saurin dariya, tun ba ka kai ƙarshen labari ba ya fashe da ita, kuma in ya ci mandocata sai ya yi ta yabo har in fara zargin akwai abin da yake so.

Da ƙasa ta rikice, motar ce ta fara mutuwa. Taya ta gagara, batir ya gagara, daga baya man ma ya gagara, a garin da ke zaune a kan mai. Aka ɗora ta a kan bulo a bayan gida, kaji suka mai da ita ɗakin kwana. Yusmary ta tattara ta tafi Kolombiya neman aiki, ta bar wa ubanta wata tsohuwar kwamfuta da take ƙugi kafin ta tashi. Kafin ta tafi ta zaunar da shi ta koya masa gem ɗin da rabin unguwarmu ke cin abinci da shi. Mutane ne daga ko'ina a duniya ke shiga, kowa da jaruminsa, a yi ta kashe dodanni ana tara zinaren wasa. Turawa masu kuɗi da rashin haƙuri su kuma su sayi zinaren nan da dala ta gaske. Na yi wa Nerio dariya sosai, ƙato da furfura yana farautar dodo. Na daina dariyar ranar da ya shigo da shinkafa da man girki.

Matsalar ɗaya ce, wuta. Ana raba ta ne unguwa-unguwa, kuma ba a sanar da kowa. In aka ɗauke ta kana tsakiyar faɗa, jaruminka zai sandare a wurin, a kashe shi, a kwashe duk abin da yake ɗauke da shi, wahalar yini ta tafi a banza. Sau da yawa na ji Nerio yana zagin fanka don ta fara rage gudu. A nan ne ya yi dabarar da ya yi ta alfahari da ita. Ya lura in babu wuta a wurinmu, yawanci akwai ta a unguwar San Francisco, can kudancin gari, inda Eudo yake zaune. To me zai hana su yi yadda suka yi da mota? Jarumi ɗaya, mutum biyu, lambar sirri ɗaya.

Shi ya samo wa Eudo kwamfuta ta hannu, shi ya koya masa komai, mutumin da ko kunna ta bai iya ba. Da fanka ta fara tsayawa Nerio zai wawuri waya ya kira.

"Kompadre, kama sitiyari, sun ɗauke."

Can sai Eudo ya shiga ya janye jarumin daga bakin dodo. In wutarsa ta tafi shi ma ya kira nan. A gaban kaskona suka raɗa wa jarumin suna Mandoca, wai don shi ma daga ƙullin masara da ayaba ya samo ƙarfinsa, tun da ita suke karyawa kullum.

Mandoca ya girma. Tun da mutum biyu ne ke kiwonsa, ba ya hutawa, ya wuce na kowa a unguwar. Ya samu sulke, ya samu takobin da samari ke zuwa kallo ta taga. Shi yake ciyar da gidanmu da gidan Eudo. Nerio yana maganarsa kamar ɗan da ya haifa, yau Mandoca ya yi kaza, jiya ya sha da ƙyar. An yi tayin sayensa dungurungum ba sau ɗaya ba, Nerio ya ƙi ko sauraro, ya ce wanda ya sayar da jaruminsa zai ƙoshi wata ɗaya ya koma yunwa. Kuma ya shiga ba kowa shawara ya nemi abokin wuta a wata unguwa, amma fa mutumin da ya yarda da shi. Da bakinsa ya sha cewa shi ya yi sa'a, nasa kompadre ne.

Wata rana Eudo ya zo da tambaya. Wai wani ɗan 'yar'uwarsa zai yi tafiya, wace waya ce take aiki a kowace ƙasa, kuma cajinta yake jure doguwar tafiyar mota? Ai sai Nerio ya gyara zama. Ya yi masa lacca har mandocata ta ƙare, sannan ya ce baki ba zai wadatar ba, ya saka riga ya raka shi kasuwa, ya juya wayoyi ya yi ciniki ya zaɓa masa da hannunsa. Bayan 'yan kwanaki Eudo ya ce yaron ya fasa tafiya, wayar ta zama tasa. A lokacin ɓarayin jarumai sun yi yawa, kuma akwai tsarin da ake ɗaure jarumi a waya, ba mai iya canza lambar sirri sai mai wayar. Tsohuwar wayar Nerio mai cire batir ba ta iya ɗaukar tsarin ba. Shi da kansa ya ce a ɗaure Mandoca a sabuwar wayar Eudo, shi ya danna komai, ya miƙa masa yana jin daɗin ya toshe ƙofar ɓarayi. Ina tsaye a wurin ina tsame mandoca daga mai, ban gane abin da ake yi ba.

Sai aka yi babbar ɗaukewar wutar nan da ta haɗa ƙasar duka. Ba tamu, ba ta San Francisco, ba ta kowa. Nama ya ruɓe a firiji, ruwa ya ƙare a famfo, waya ba ta shiga, muka yi kwanaki muna fifita da kwali. Da wuta ta dawo, kafin in jona firiji Nerio ya riga ya kunna kwamfuta. Ya saka lambar sirri, ta ƙi. Ya goge tabarau ya sake sakawa a hankali, ta ƙi. Ya kira Eudo, waya a kashe. Ya ari keken maƙwabci ya taka har San Francisco cikin wannan rana, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Matar gidan kusa ta ce ai Eudo da matarsa sun kama hanyar iyaka, za su bi ɗansu ƙasar Chile. Ta yi mamakin bai sani ba, tun da an daɗe ana sayar da kayan gidan ɗaya bayan ɗaya.

Ranar na zagi Eudo, na zagi dariyarsa, na yi baƙin cikin kowace mandoca da ya taɓa ci a kaskona. Nerio ya bari na gama, sannan ya ce kada ya sake jin wannan a gidansa. Ya ce mutum ba ya ratsa ƙasashe da mata da aljihu wayam, dole ce ta sa Eudo ya sayar da Mandoca ya yi kuɗin mota.

"Da ya tambaye ni da na hana shi," in ji shi. "Ya san halina. Shi ya sa bai tambaya ba. Kunya ce ta hana shi sallama, Neida, ba mugunta ba."

A kan wannan ya tsaya, ba wanda ya iya gusar da shi. Da Yusmary ta kira tana kuka, ya ce mata ubanta na baftisma yana nan a matsayinsa, in ta samu lambarsa ta gaishe shi. Masu zolaya a layi suna tambayarsa ko a nemo masa sabon abokin wuta, ya yi murmushi ya ce su bar maganar, ba su san abin da yunwa take sa mutumin kirki ba. Ni kuwa raina yana ƙuna, domin mu ne muka koma cin abinci sau ɗaya, kuma shi ne yake ramewa yana kare wanda ya jawo mana.

Ya fara daga farko da wani ɗan ƙaramin jarumi mai tsumma da sanda, wanda ko suna na kirki bai ba shi ba. Yana saran itace, yana kashe ƙananan dabbobi, in wuta ta tafi a kashe shi, ba mai kama masa sitiyari. Haka aka yi watanni.

Wata la'asar ina feraye ayaba a tsakar gida ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa. Na shiga na same shi ya matso da fuska kusa da kwamfuta. Ya kai ɗan jarumin nasa wani fili ne inda 'yan wasa ke iya kashe juna, don itacen can ya fi tsada. A gefen filin ga wani ƙaton jarumi cikin sulke, sunansa a saman kansa, Mandoca. Nerio yana murmushi, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce in duba yadda Baturen da ya saye shi ya kula da shi, har ya ƙara masa garkuwa. Muka tsaya muna kallo yana faɗa da wani.

Sai na ga murmushin ya tafi. Kafin Mandoca ya kai sara sai ya ja da baya taku biyu, ya kewaya ta hagu. Ya gama da wannan, ya nufi wani, ya sake ja da baya ya kewaya ta hagu. Nerio ya ce haka Eudo yake shiga shataletale da mota, haka kuma yake faɗa a gem, ya yi ta masa faɗa a kan wannan ɓata lokacin bai daina ba. Babu Baturen da zai yi haka. Ashe ba a sayar da Mandoca ba, ba kuɗin mota, ba dole. Eudo ya isa garin da ba a ɗauke wuta ne, ba ya bukatar kowa ya kama masa, sai ya riƙe duka.

Nerio ya matsar da ɗan jaruminsa gaban Mandoca, ya rubuta da yatsa biyu: "Kompadre, ni ne Nerio. Ba komai. Ka dai faɗa mini kun isa lafiya."

Mandoca ya tsaya cak. Ya daɗe a tsaye, har na fara jin zuciyata tana yin sanyi, na ce a raina yanzu zai rubuta wani abu, ko da kalma ɗaya ce. Sai ya ja da baya taku biyu, ya kewaya ta hagu, ya kai sara ɗaya. Ɗan jarumin ya faɗi. Mandoca ya tsince 'yan itacen da Nerio ya yini yana sara, ya wuce.

Ni da na yi watanni ina neman ranar da Nerio zai yarda da maganata, sai na ji bakina yana cewa wataƙila Eudo bai ga rubutun ba, filin ya cika da mutane, wataƙila ma ɗansa ne ke riƙe da shi. Nerio ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, bai kalle ni ba.

"A'a, Neida," ya ce. "Ai kin ga ya tsaya. Sai da ya karanta."