Jan fenti a kan sunan Kanzo

A ƙauyenmu da ke cikin duwatsun Akita, in yaro ya ƙi cin abinci sai a ce za a kira Kanzo mai gawayi. Da wannan tsoron na tashi, har na shiga sakandare ban san cewa shi ne ya haifi mahaifiyata ba.

Kakata Shige ce ta gaya mini, sannu a hankali, tana tsince wake. Kanzo mijinta ne na fari. An kai shi yaƙi tana da cikin mahaifiyata, Fumie. Aka aiko cewa ya mutu, aka yi masa jana'iza ba gawa, aka kafa dutse da sunansa a maƙabartar gida. Don kada gona ta fita daga zuri'a, iyayensa suka aurar da ita ga ƙanensa Tomeji.

Bayan shekaru sai ga shi ya dawo daga Sibiriya, sanyi ya cinye masa hanci da kunne ɗaya. Ya tarar da kabarinsa an share shi tas, har da furanni.

Bai nemi mata ba, bai nemi gona ba. A wajenmu in an sassaƙa sunan mai rai a dutsen kabari, jan fenti ake shafa masa, sai ranar da ya mutu a wanke. Abin da ya roƙa ke nan.

"Tome, ka shafa wa sunana ja. Shi ke nan."

"Yaya, in na shafa, matar wa ke cikin gidana? 'Yar wa nake riƙo?"

"To ni gawa ce?"

"Ka yi haƙuri dai, a bari ƙura ta lafa."

"Ka ji ɗan kirki. Rigata ma ta yi maka yawa a kafaɗa."

Kanzo ya hau dutse ya kama ƙona gawayi shi kaɗai. Da farko yakan sauko kasuwa, yana gaisawa da mutane. Sai tsofaffi suka fara watsa gishiri a bakin ƙofa in ya wuce, kamar yadda ake yi bayan an dawo daga jana'iza. Ya daina gaisuwa. Daga baya ya daina magana. Aka fara tsintar karnukan da suka yi masa haushi a rataye a bakin daji.

Duk shekara in ƙanƙara ta narke yakan sauko ya shafa wa sunansa ja da kansa. Tomeji ya bi baya da burushi ya goge.

Shekarar da za a yi wa mahaifiyata aure, ciwon baya ya kwantar da Tomeji, sai ya aike ta maƙabarta da bokiti da burushi. Bai gaya mata dalili ba. Tana tsugune tana gogewa da rana tsaka, inuwa ta rufe ta.

"Fumie," in ji Kanzo. Muryar ta dishe don rashin amfani. "Kin san sunan wa kike gogewa?"

"Na sani, Baffa. Baba ya ce mai sunan ya rasu a yaƙi, wani ne ke ɓata dutsen."

"Ki dube ni."

Ta kasa. Idonta na kan ƙafafunsa, hannunta kuma bai tsaya ba, don tsoro. Ya tsaya a kanta har ta gama, har ta ɗauraye dutsen. Sannan ya ce, "Kin iya aiki," ya juya.

Washegari aka tarar an sassaƙa sunan Fumie a ƙarƙashin nasa, da kyau, kamar aikin gwani. Ba a shafa masa fenti ba.

Dangin ango suka ji, suka janye. Sai a wani gari mai nisa ta samu miji, kuma ba ta sake taka maƙabartar ba. Ni nake zuwa shara yanzu. Kanzo yana nan da rai. In ina aiki, nakan ga hayaƙin gawayinsa a saman dutse, wani lokaci kuma hayaƙin babu, alamar ba ya can, sai in tattara kayana da sauri.