Inna Ta Faɗi

"Inna ta fadi, ka zo gida." Saƙon da na tura wa Baba ke nan yana kasuwar albasa a Aliero. Kwana uku ba sa magana da Inna.

Sai ga shi bisa mashin, ko hula babu. Ya iske ta tana tankaɗe.

"Ke, ina ka yi miki ciwo?"

"Ciwon mi, Malam?"

Ya juyo kaina. Na ce, "Da baki ta hwaɗi, Baba, wai gida ba daɗi in ba ka nan. Laihin boko ne, da ajami ne da alifi guda ya raba gardama."

Inna ta ce ƙarya nake, amma tana dariya ta damo mishi fura. Yanzu haka hira suke.

Jama'a, bulala na cancanta ko tukwici?